Cin Rani a Ƙetare da Matsalar Takardar Zama

Cin rani, wato barin gida bayan girbi domin neman kuɗi a wani gari har zuwa faɗuwar damina, tsohuwar al'ada ce a ƙauyukan kudancin Kano irin su Zinyau da sauran garuruwan Rano da Kibiya, kuma ginshiƙinta shi ne dawowa, tunda gona da iyali suna gida suna jira. Muddin tafiyar ba ta wuce Afirka ta Yamma ba, takarda ba ta cika zama matsala ba, domin yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ya zauna kwana 90 ba tare da biza ba. Da neman ya miƙa zuwa Jidda da Riyad ta filin jirgin saman Malam Aminu Kano, sai al'adar ta ci karo da dokokin da ba su san damina ba.

Biza izini ce ta shiga ƙasa domin wata manufa da aka ambata kuma zuwa wani wa'adi, ita kuwa takardar zama, wadda a Saudiyya ake kira igama, ita ce ke halatta wa baƙo ya zauna ya yi aiki. Wanda ya shiga da bizar Umara ya tsaya neman kuɗi, irin waɗanda ake kira takari, ya karya sharaɗin shigarsa tun ranar da ya fara aiki, kuma kamen da hukumomin ƙasar suka yi a 2013 da 2017 ya nuna inda hakan ke ƙarewa: tsarewa a sansanin Shumaisi da ke tsakanin Makka da Jidda, ɗaukar hoton yatsu, sannan kora tare da haramcin komawa.

Abin da ya fi ɓoyuwa ga jama'a shi ne halin wanda ya bi ƙa'ida. Igamar ma'aikaci tana rataye ne a wuyan kafili, wato mutum ko kamfanin da ya ɗauki nauyinsa, ana sabunta ta lokaci bayan lokaci, kuma ranar da aikin ya ƙare ita ma ta kama hanyar mutuwa, ko da mai ita ya shekara ashirin a ƙasar, domin shekarun ba sa taruwa su zama haƙƙin zama na dindindin. Gyaran dokar ƙwadago da ya fara aiki a watan Maris na 2021 ya sauƙaƙa sauya wurin aiki da fita ƙasar ba tare da amincewar kafili ba, sai dai bai haɗa da 'yan aikin gida da direbobin gida da makiyaya da ma'aikatan gona ba, alhali waɗannan su ne ayyukan da ɗan ƙauye ya fi samu. Akwai izinin zama na musamman da aka ƙirƙiro a 2019, wanda ba ya buƙatar kafili, amma kuɗin na dindindin riyal 800,000 ne, na shekara guda kuma riyal 100,000, farashin da ke nuna cewa attajirai aka yi wa tanadin. Zama ɗan ƙasa kuwa yana buƙatar zaman shekara goma da wasu sharuɗɗa, kuma cika su ba ya tilasta wa hukuma ta bayar. Iyalan da ake wa laƙabi da Hausawi a Makka da Madina, jikokin alhazan da suka ratsa Sudan a ƙafa, kan sa wasu su ɗauka ƙofar a buɗe take, alhali waɗanda suka sami shaidar zama 'yan ƙasa a cikinsu galibi sun gaje ta ne daga kakannin da suka zauna tun farkon kafuwar daular, kuma har yau akwai haifaffun can da ba su da ita.

A ƙasashen Turawa lissafin ya sha bamban, domin can shekaru suna taruwa, amma yawan zuwa gida yana warware su. A Birtaniya, inda likitoci da ma'aikatan jinya na Najeriya suka yi yawa, ƙa'idar da aka daɗe a kanta ita ce mai bizar ƙwararru ya nemi izinin zama marar wa'adi bayan shekara biyar, da sharaɗin bai yi fiye da kwana 180 a wajen ƙasar ba cikin kowane wata goma sha biyu, kuma a watan Mayun 2025 gwamnati ta gabatar da shawarar mayar da wa'adin shekara goma. Damina ɗaya a Rano, daga sharar gona zuwa kai amfani rumbu, tana iya cinye waɗannan kwanaki gaba ɗaya. A Amurka ma, mai katin zaman dindindin da ya wuce shekara guda a waje ba tare da ya karɓi izinin sake shiga ba tun kafin ya tafi, ana iya ɗaukarsa a matsayin wanda ya yi watsi da zamansa.