Tseren Zagaya Duniya a Talabijin

Ranar 5 ga Satumba, 2001, tashar CBS ta Amurka ta fara nuna wani shiri mai suna The Amazing Race, wanda Elise Doganieri da Bertram van Munster suka ƙirƙiro, Phil Keoghan kuma yake gabatarwa. Gasa ce ta tafiye-tafiye. A shekarun baya yawanci ana tara rukuni goma sha ɗaya, kowanne mutum biyu da suka san juna: mata da miji, wa da ƙani, uwa da 'ya, ko aminai. Waɗanda suka riga kowa kammala zagayen su ke tafiya da dala miliyan ɗaya.

An yanka tafiyar zango-zango. A farkon kowane zango ana miƙa wa rukuni ambulan, ciki akwai takardar da ta faɗi inda za su nufa, da ɗan guzirin kuɗi ƙididdigagge na abinci da tasi. Ba waya a hannunsu, ba kuɗin aljihunsu. Tikitin jirgin sama kuwa shirin ke biya daban. Mai kyamara da mai ɗaukar sauti suna biye da su ƙafa da ƙafa, saboda haka duk motar da za su tsayar sai ta ɗauki mutum huɗu. Tuta mai launin ja da rawaya ita ke nuna musu sun iso wurin da wata ambulan ɗin take.

A hanya akwai jarrabawa iri biyu. Ta farko mararraba ce: a ba su ayyuka biyu su zaɓi ɗaya, galibi wannan na ƙarfi, wancan na haƙuri da lura. Ta biyu shinge ce, wadda mutum ɗaya cikinsu zai yi shi kaɗai, kuma sai sun tsayar da mai yi kafin su karanta cikakken bayanin aikin. Abokinsa ba shi da ikon sa hannu, sai dai ya tsaya gefe yana ba shi ƙwarin gwiwa.

Nan ne daɗin shirin yake, domin ayyukan daga sana'ar mutanen gari ake ɗauko su. A 2007 an kai 'yan gasar wani ƙauye a Burkina Faso, aka ba su ƙwarya su tatso nonon raƙuma su sha. Abin da yaron makiyayi ke yi kafin rana ta fito, sai ga shi ya sa baƙo kuka, taguwa na kai masa harbi, nonon na zubewa ƙasa. A 2010 kuma aka shigar da su kasuwar Makola ta Akara, aka ce su sayar da tabarau. A ganina babu abin da ya fi wannan kyau a shirin: ɗan ƙasa mai arziki ya tsinci kansa yana roƙon direban tasi da 'yar kasuwa su nuna masa hanya, ya gane matambayi ba ya ɓata.

Kowane zango yana ƙarewa a kan wata shimfiɗa, inda mai gabatarwa ke tsaye tare da wani ɗan ƙasar da ke yi wa masu isowa maraba. Na farko sukan samu kyauta, na ƙarshe a sallame su, ko da yake a wasu shekarun an yi zangunan da aka ɗaga musu ƙafa aka ɗora musu ƙarin aiki a gaba. Bayan hutu, wanda a shekarun farko awa 12 ne, kowa zai tashi bisa jerin isowarsa. Sai dai ratar ba ta daɗewa. Jiran jirgi ɗaya kan sake haɗa na gaba da na baya. Haka ake raguwa har a bar rukuni uku, su ne za su yi zangon ƙarshe zuwa wani birni a Amurka, inda waɗanda aka sallama ke jere suna tafa musu.