Naman da Ya Narke: Ko Yana da Haɗari a Sake Daskarar da Shi?

A duk shekara, bayan an kammala layya, magidanta kan cika firiza da nama domin ya kai su tsawon makonni. Sai a wayi gari an ɗauke wutar lantarki kwana guda ko biyu, uwargida ta buɗe firiza ta tarar nama ya yi laushi, wani jan ruwa ya kwanta a ƙasa. Idan wuta ta dawo, sai tambaya ta taso: a bar shi ya sake daskarewa, ko a dafa shi nan take, ko kuwa a zubar? Wasu na ganin duk naman da ya narke ya zama guba idan aka mai da shi cikin ƙanƙara, wasu kuma na ganin sanyi yana kashe kowace irin cuta. Dukan ra'ayoyin biyu sun kauce wa gaskiya. Amsar masana kimiyyar abinci ita ce ana iya sake daskarar da nama, amma hukuncin ya rataya ne a kan abu biyu: zafin da naman ya kai lokacin da ya narke, da kuma tsawon lokacin da ya yi a cikin wannan zafi.

Abin da sanyi ke yi wa ƙwayoyin cuta

Babu ɗanyen naman da ya kuɓuta daga bakteriya, wato ƙananan halittun nan da ido ba ya gani sai da madubin likita. Suna hawa nama tun daga wurin yanka, ta hanyar fata da kayan ciki da wuƙa da hannun mahauci da ƙuda. Daga cikinsu akwai masu sa nama wari kawai, akwai kuma masu kwantar da mutum, irin su salmonela da ake yawan samu a naman kaji. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2015, an ƙiyasta cewa mutum miliyan 600 ne ke kamuwa da rashin lafiya a kowace shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 daga cikinsu kuma suna rasa rayukansu, kuma nahiyar Afirka ce ta fi ɗanɗana kuɗarta idan aka kwatanta da yawan jama'arta.

Firiza mai aiki sosai tana riƙe sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyos. A wannan sanyi bakteriya ba sa iya hayayyafa, domin ruwan da suke bukata ya zama ƙanƙara. Sai dai akasarinsu ba mutuwa suke yi ba, kwanciya suke yi kamar yadda kwaɗo ke ɓuya cikin ƙasa da rani yana jiran damina. Da zarar nama ya narke ya fara ɗumi, sai su farka su ci gaba daga inda suka tsaya. Tsakanin digiri 5 da digiri 60 ne suka fi jin daɗin yaɗuwa, kuma idan yanayi ya yi musu daidai wasunsu kan ninka yawansu cikin minti 20 kacal. A bisa wannan lissafi, ƙwaya 1,000 za ta zama 64,000 cikin awa biyu, ta haura miliyan huɗu cikin awa huɗu. Idan aka sake daskarar da irin wannan nama, an adana shi ne tare da wannan runduna, kuma a narkewa ta biyu daga miliyan huɗu za a fara ƙidaya. Ke nan laifin yana ga ɗumin da naman ya sha a tsakani, sake daskarewar ita kanta ba ta haifar da cuta.

Abin da ƙanƙara ke yi wa naman kansa

Kusan kashi 70 zuwa 75 cikin ɗari na tsokar nama ruwa ne. Ruwa kuwa yakan ƙara girma da kimanin kashi 9 cikin ɗari idan ya daskare, shi ya sa kwalbar da aka cika da ruwa kan fashe a firiza. A cikin nama, ruwan kan zama ƙananan tsinkayen ƙanƙara masu huda zaren tsoka. Idan daskarewar ta yi jinkiri, tsinkayen kan yi girma, ɓarnar kuma ta yi yawa. Wani Ba'amurke mai suna Clarence Birdseye ya lura da haka a yankin Labrador na ƙasar Kanada, inda ya ga kifin da mutanen Inuit suka kama yana daskarewa nan take saboda tsananin sanyi, kuma idan aka narkar da shi bayan watanni ɗanɗanonsa na nan daram. Wannan ne ya kai shi ga ƙirƙiro hanyar daskarar da abinci cikin gaggawa, har aka fara sayar da kayansa a shaguna a shekarar 1930.

Jan ruwan da ke tsiyaya daga naman da ya narke ba jini ba ne, ruwan tsoka ne haɗe da wani furotin mai launin ja. Kowane zagaye na daskarewa da narkewa yana ƙara fitar da wannan ruwa, sai nama ya bushe, ya yi tauri, ya rage zaƙi. Wannan asarar ɗanɗano ce kawai, ba ta cutar da lafiya.

Ƙa'idojin da ya kamata a kiyaye

Ma'aikatar Noma ta Amurka, wadda ke sa ido a kan lafiyar nama a can, ta shimfiɗa ƙa'idoji masu sauƙin fahimta. Naman da aka narkar a cikin firji, inda sanyi bai wuce digiri 4 ba, ana iya mai da shi firiza ko ba a dafa ba, muddin bai daɗe ba: kwana ɗaya zuwa biyu ga kaza da niƙaƙƙen nama, kwana uku zuwa biyar ga yankan naman sa ko na rago. Naman da aka narkar a cikin ruwan sanyi kuwa, wajibi ne a dafa shi tukuna kafin a daskarar. Naman da ya yi fiye da awa biyu a waje ba a mai da shi. Idan zafin gari ya haura digiri 32, wa'adin ya ragu zuwa awa ɗaya. Wannan sharaɗi na ƙarshe ya fi shafar ƙasar Hausa, inda zafin bazara a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi kan kai digiri 40.

Game da ɗaukewar wuta, firizar da ke cike maƙil takan riƙe sanyinta kimanin awa 48 idan ba a buɗe ta ba, wadda take rabi kuma kimanin awa 24, firji kuwa awa huɗu kawai. Don haka yawan leƙawa shi ke gaggauta ɓarna. Idan wuta ta dawo, a duba kowane ƙulli daban. Wanda har yanzu akwai ƙanƙara a jikinsa ana iya barinsa ya sake daskarewa. Wanda ya narke amma yana da sanyi irin na firji, abin da ya fi shi ne a soya ko a dafa shi a ranar. Wanda ya yi ɗumi kuma ba a san tsawon lokacin da ya ɗauka a haka ba, zubar da shi ya fi alheri.

Hanci da tukunya ba su isa shaida ba

Mutane da yawa kan sunsuna nama, in ba su ji wari ba sai su yanke hukunci lafiyarsa ƙalau. Amma bakteriyar da ke sa wari daban ce da mai sa amai da gudawa, kuma ta biyun ba ta cika sauya ƙamshi ko launi ba. Haka nan dafuwa, ko da yake tana kashe bakteriya idan zafi ya kai digiri 70 har tsakiyar nama, ba ta warware komai ba. Akwai wata ƙwaya mai suna sitafilokokas, wadda ke zaune a fata da hancin mutane da yawa, da kan zuba guba a cikin abincin da ya daɗe cikin ɗumi, kuma tafasa ba ta lalata wannan guba. Yara ƙanana da tsofaffi da masu juna biyu su ne suka fi shiga haɗari.

Rigakafi, in ji Bahaushe, ya fi magani. Tun ranar yanka a kasa nama ƙulli-ƙulli daidai girkin rana guda, a matse iska daga leda, a rubuta kwanan wata, ta yadda ba za a narkar da abin da ba a bukata ba. Ƙananan ƙulli ma sun fi saurin daskarewa. A cike gurbin da ya rage a firiza da robobin ruwa domin su riƙe sanyi. Inda kuma wuta ba ta da tabbas, gara a rage dogaro da firiza a koma ga suya da kilishi, waɗanda ke adana nama ta hanyar ƙone ruwan da bakteriya ke bukata domin rayuwa.