Saƙar Kayan Jarirai a Adjamé: Da Wane Zare, Kuma Don Wane Jariri?



A gidajenmu na Saint-Michel da kewaye, da wuya a yi suna ba a ga saitin saƙa a cikin kayan barka ba: hula, da safa, da 'yar rigar sanyi, da shawul mai geza, galibi fari da shuɗi ko fari da ruwan hoda. Wani saitin kaka ce ta aiko da shi daga Maraɗi ko Tawa ko Kano ta hannun matafiya, wani kuwa maƙwabciya ce ta zauna a tsakar gida tsakanin azahar da la'asar tana saƙa shi, ba tare da ta faɗi ko na wane ne ba, domin har yanzu da sauran kunya a maganar cikin fari. Ranar suna sai a shirya jariri da su duka, a riƙa miƙa shi daga hannu zuwa hannu, kowa yana sa wa masaƙiya albarka. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne da wane zare aka yi aikin, kuma ko jaririn da aka lulluɓe yana da bukatar lulluɓin.

Da yawa daga cikinmu suna ɗaukar saƙar kibiya da ta kwarashi a matsayin abin Turawa, kuma suna da hujja, domin ta hanyar makarantun 'yan mata da cibiyoyin koyar da aikin gida na zamanin mulkin mallaka ta shigo hannun iyayenmu. A nan Kodibuwa ma cibiyoyin horar da mata na gwamnati, waɗanda ake kira IFEF, su ne suka yaye ɗimbin masaƙa. Sai dai tarihin sana'ar ya wuce nan. Mafi daɗewar saƙar kibiya da ta wanzu har yau a gidajen tarihi, safunan da aka tono ne a Masar, waɗanda aka saƙa tsakanin ƙarni na 11 da na 13, zamanin daulolin Musulunci. A Andalus kuma masaƙa Musulmi suna yi wa gidan sarautar Kiristoci aiki, har an sami matashin kai na saƙa mai ɗauke da kalmar albarka da haruffan Larabci a maƙabartar sarakuna ta Las Huelgas, inda aka binne yarima Fernando wanda ya mutu a 1275. Abin lura a nan shi ne, safunan nan na Masar, masu launin fari da baba, da zaren auduga aka yi su. Mutanen ƙasar zafi ne, sun kuwa san abin da ya dace da jikinsu.

Mu kuwa mun ɗauko saitin da aka tsara domin hunturun Damagaram da Katsina, lokacin da leɓe ke tsagewa, ruwan randa ke gagarar alwala, mun kawo shi Abijan, garin da ko a watan Agusta, wanda shi ne mafi sanyi, da wuya dare ya sauka ƙasa da digiri 20, ga kuma laima a iska shekara duka. Bugu da ƙari, abin da muke kira ulu a shagunan zare na kasuwar Forum da layukan Boulevard Nangui Abrogoua, mafi yawansa ba gashin tunkiya ba ne. Akirilik ne, wato zaren roba da ake sarrafawa daga sinadaran man fetur. Yana da araha, launinsa yana ɗaukar ido, ba ya kuma koɗewa da wuri, amma ba ya shan gumi. Jaririn da ya cika watanninsa, mai ƙoshin lafiya, idan aka sa masa hula da safa da riga da shawul na wannan zare, aka shiga da shi rumfar suna da hantsi, abin da zai biyo baya shi ne ƙurajen zafi a wuya da matsematsi, da kuka, da ƙin kama nono. Kaka sai ta ce sanyi ne ya kama shi, a ƙara masa bargo.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane zare kafin a sayi ƙunshi da yawa. A yanki ɗan guntu, a kai shi bakin wutar ashana a waje, nesa da yara. Auduga tana ci da wuta kamar takarda, ta bar toka mai laushi. Ulu na gaskiya yana warin ƙonannen gashi, ya bar baƙin abu mai rugurgujewa a yatsa. Akirilik kuwa narkewa yake yi, ya dunƙule ya yi tauri. Duk wadda ta ga wannan narkewa da idonta ba za ta sake barin shawul kusa da murhun gawayi ko maganin sauro na kunnawa ba, alhali a ɗakunanmu na haya tsakanin katifa da murhu bai fi taku biyu ba.

To, ko ma'anar wannan ita ce a ajiye kwarashi? Ko kusa. Akwai jaririn da hular saƙa take tsakaninsa da mutuwa, shi ne bakwaini, da duk wanda aka haifa nauyinsa bai kai giram 2,500 ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa jarirai miliyan 13.4 aka haifa kafin cikar lokacinsu a shekarar 2020 kaɗai. Zafin jikin jariri ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5. Bakwaini ba shi da kitsen da zai riƙe wannan zafi, fatarsa siririya ce, kansa kuma babba ne idan aka gwada da sauran jikinsa, saboda haka ta kai yake zubar da ɗumi mai yawa. Ɗakin da babba yake gumi a cikinsa yana iya zama ɗakin sanyi ga ɗan da bai kai kilo biyu ba, musamman in an kunna fanka, ko an yi masa wanka da wuri. Shi ya sa hukumar take ba da shawarar a jinkirta wankan farko har awa 24 bayan haihuwa, shawarar da mun san tana yi wa iyayenmu nauyi, amma dalilinta a fili yake.

A 1978, a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, wani likitan yara mai suna Edgar Rey ya rasa isassun kwalaben renon bakwaini, sai ya fara ɗora jariran a ƙirjin iyayensu, fata da fata, a ɗaure su da zane dare da rana. Aka sa wa hanyar sunan kangaru, dabbar nan ta Ostireliya mai renon ɗanta a aljihun cikinta. Mu dai goyo za mu kira shi, illa iyaka an mayar da shi gaba. A 2019 babban asibitin koyarwa na Treichville ya buɗe sashen wannan reno da taimakon UNICEF, kuma a 2022 OMS ta ce a fara shi nan take bayan haihuwa. A wannan reno jariri ba ya sa riga. Kunzugu yake sawa, da hula, da safa, domin kai da ƙafa ne ƙirjin uwa ba ya rufewa.

A nan ne masaƙiyar unguwa take da abin da kasuwa ba ta da shi. Kewayen kan jaririn da ya cika wata tara kimanin santimita 34 ne zuwa 35, kuma da wannan awo ake yin hulunan kanti. Na bakwaini sau da yawa bai kai 30 ba. Hular kanti tana zame masa ta rufe hanci, ko ta faɗi. Uwar da aka riƙe a asibiti ba ta da halin zaga kasuwa tana neman hula mai girman lemun zaƙi, amma wadda ta iya kwarashi za ta gama irinta a zama ɗaya, da ragowar zaren da ya saura daga wani aikin. A 2006 ƙungiyar Save the Children ta tara irin waɗannan huluna daga masaƙa a Amurka domin a aika ƙasashe matalauta. Muna ganin abin kunya ne a jira hula ta ƙetaro teku, alhali tsakanin Adjamé da Treichville babu wani nisa.

Gaskiya ne sana'ar ta sha wuya. Karyewar darajar sefa a watan Janairun 1994 ta sa duk abin da ake shigowa da shi ya yi tsada, har da zare. Gwanjo, wanda mutanen gari ke kira yugu-yugu, ya cika tebura da rigunan sanyi na jariran Turai, sannan saitin inji daga Sin ya biyo baya, a cikin leda mai ƙyalli, a kan kuɗin da bai kai na zaren masaƙiya ba, balle ladan kwanakin da ta yi tana lanƙwashe. Ba za ta iya gasar farashi da inji ba, kuma kada mai saye ya nemi ta yi. Abin mamaki ma, ƙasar nan tana noma auduga a yankin Korhogo, masaƙar Gonfreville ta Bouaké kuma tun 1921 aka kafa ta, amma zaren auduga na saƙar hannu sai an tona ake samunsa a shago. Idan mata goma suka haɗa kuɗi suka nemi mai shago ya kawo musu shi, zai kawo.

Sai maganar 'yan tsana da dabbobin saƙa, wato zomo da giwa da raƙumi da ake cusa wa auduga, waɗanda 'yan mata suka koya ta bidiyon salula, bisa salon Japanawa da ake kira amigurumi. Mu da muka taso a gidan limanci mun sha jin wannan tambaya a zaure: ya halatta a saƙa su, a sayar? Hadisan da suka yi hani ga sassaƙa surar abu mai rai ingantattu ne, ba mai musunsu. Amma malamai sun ware abin wasan yara, kuma da dalili. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Abu Dawud ya ruwaito cewa ya ga doki mai fukafukai biyu na ƙyalle a cikinsu, ya tambaye ta, ta kafa hujja da dawakin Annabi Sulaimanu, ya yi dariya, bai hana ba. Wanda ya fi kusa da batunmu shi ne hadisin Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu, wadda ta ba da labarin cewa a azumin Ashura sukan yi wa yaransu abin wasa na ulu, in yaro ya yi kukan abinci sai a ba shi ya shagala har faɗuwar rana. Ashe matan Madina sun riga mu.

Alƙali Iyal, mai littafin Ashafa da muke saurare a Ramadan, wanda ya rasu a Marrakesh a 1149, ya tafi a kan halascin 'yan tsana domin suna koya wa 'ya mace reno tun tana ƙarama, ko da yake an ruwaito cewa Imamu Malik bai so namiji ya saya wa 'yarsa su ba. Wasu malaman zamani sun fi natsuwa da wadda ba a fitar mata da kamannin fuska sosai ba. Mu a ganinmu, 'yar tsanar saƙa ta fi ta robar kanti kusa da abin da hadisan suka ambata, kuma wadda ta bar fuskar ba ido ba baki ta fita daga saɓani. Sharaɗin dai shi ne ta zama abin wasa a hannun yaro. Idan aka jera ta a kan kabad domin ado, hukuncin ya sauya, sai a koma ga malami.

Wannan taka tsantsan na fiƙihu ya zo daidai da na likitoci. Idon maɓalli ko na dutsen ado, wanda ake mannawa domin zomo ya yi kyau, shi ne abin da ɗan ƙasa da shekara uku yake ɓanɓarewa ya kai baki ya shaƙe. In za a yi ido, a ɗinka shi da zare. A tsananta saƙar yadda yatsa ba zai shiga ba, cushen kuma ba zai leƙo ba. Kada a sa wa hula igiyar ɗaurewa a wuya. A juya safa a duba cikinta kafin a sa, domin zare guda da ya saki yana iya naɗe ɗan yatsan ƙafa ya hana jini gudu, jariri yana ta kuka ba a san dalili ba. Kafin yaro ya cika shekara, kada a bar abin wasa mai laushi ko shawul a inda yake barci, kuma jaririn da ya cika lokacinsa a cire masa hula in zai kwanta a ɗaki.

Masu niyyar saƙa wa bakwaini kuwa, su fara tambayar ungozomar sashen irin girman da ake bukata da zaren da suke karɓa, domin kowane asibiti da ƙa'idarsa. A zaɓi zare mai laushi wanda ba ya zubar da gashi, a yi hular ba tunti ba ado, a ɓoye ƙullin ta waje, a wanke ta da sabulu marar turare, a shanya a rana har ta bushe sarai, sannan a sa kowace ɗaya a tsabtatacciyar leda, a rubuta awon kewayenta a jiki.