Me Ya Sa Injinan Baburanmu Duk Kusan Iri Ɗaya Ne?

Idan ka samu kanka a Bauranya, ko a bakin titin Kano zuwa Katsina wajen Kankiya inda 'yan acaɓa ke jiran fasinja, ka ɗan duƙa ka leƙa ƙarƙashin tankin baburan da ke jere. Boxer ne, ko Jincheng, ko Haojue, ko TVS, sunan ne ya bambanta amma injin kusan ɗaya ne: silinda guda, fistin guda, bawul biyu, filogi guda, iska ce ke sanyaya shi. Tsarin da yake aiki da shi Bajamushe Nikolaus Otto ne ya daidaita shi tun 1876. To shin a shekaru kusan 150 babu wanda ya zo da wata dabarar? An zo da su da yawa, wasu ma har sun shiga kasuwa. Abin tambaya shi ne me ya hana su zama.

Yadda injin babur ɗinka ke aiki

Fistin yana hawa da sauka a cikin silinda, kuma aikinsa mataki huɗu ne. Ya sauka ya zuƙo iska gauraye da fetur. Ya hau ya matse su. Filogi ya ba da tartsatsi, wuta ta tashi ta tunkuɗa shi ƙasa da ƙarfi. Ya sake hawa ya kori hayaƙi ta salansa. A cikin huɗun nan ɗaya ne kawai ke ba da ƙarfi, sauran ukun hidima ce. Ga shi kuma fistin sai ya tsaya cak ya juya baya a kowane ƙarshe, sau dubbai a minti guda, abin da ke jawo karkarwar da kake ji a hannunka. Duk injiniyan da ya kalli wannan sai ya ce ai da sake. Shi ya sa aka yi ta gwaje-gwaje.

Injin da ba shi da fistin

Wanda ya fi suna shi ne injin Wankel, na wani Bajamushe Felix Wankel, wanda ya fara tashi a kamfanin NSU a 1957. Ka ɗauki kwanson gyaɗa mai ƙwaya biyu, ka kalli siffar cikinsa. Haka ɗakin injin yake. A ciki akwai ƙarfe mai kusurwa uku yana juyawa, kusurwoyinsa na gogar bango, sai ya raba ɗakin gida uku: a wani ana zuƙa, a wani ana ƙonawa, a wani ana fitar da hayaƙi, duk a lokaci guda. Babu hawa da sauka, babu bawul, kaya kaɗan ne ke motsi, ga shi lafiyayye ba ya girgiza.

A takarda ba shi da makusa. Kamfanin Hercules na Jamus ya fitar da babur W-2000 da shi a 1974, Suzuki ma ta fitar da RE5 a wannan shekarar bayan ta zuba kuɗi mai yawa. Zuwa 1976 Suzuki ta daina yin sa. Wani kamfani a Holan, Van Veen, babura 38 kacal ya iya yi na samfurinsa OCR 1000. Norton ta Ingila ta fi kowa dagewa, har Steve Hislop ya ci babban tseren Isle of Man da babur ɗinta a 1992, amma cin tsere bai zama ciniki ba.

Matsalar tana cikin siffar ɗakin ƙonawa. Dogo ne siriri, bangonsa da faɗi. Zafin da ya kamata ya zama turi sai bango ya shanye shi, kuma wutar ba ta kaiwa lungunan ƙarshe, sai ɗanyen fetur ya fice ta salansa. Ka kwatanta da dafa tuwo a faffaɗan faranti maimakon tukunya: icen zai ƙare da wuri. Sannan 'yan ƙarafan da ke bakin kusurwoyin nan uku, waɗanda ke hana iska zurarewa, sai an riƙa ɗiga musu baƙin mai, man kuma ƙonewa yake yi tare da fetur. Ƙari a kan haka, gefe ɗaya na injin kullum wuta ke ci, ɗaya gefen kullum sanyi, ƙarfe kuwa ba ya son haka. Don ta shawo kan zafin, Suzuki ta sa wa RE5 lagireton ruwa da na mai da salansa mai riga biyu, babur ɗin ya kai kusan kilo 230. Injin da aka ce zai rage kaya ya dawo ya fi kowa kaya. Ya kuma zo daidai lokacin da farashin mai ya tashi a duniya bayan rikicin 1973.

To dizal fa?

Za ka iya cewa, injin niƙan garinmu da dizal yake aiki, yana yini yana bugawa bai sha mai da yawa ba, me zai hana a ɗora irinsa a babur? An ɗora. Royal Enfield ta Indiya ta sayar da wani babur, Taurus, mai injin dizal 325cc. Wajen tsimin mai ba a magana, amma ƙarfinsa doki shida da rabi ne kawai, bai kai na Boxer mai 100cc ba, wanda ke ba da kamar doki takwas. Dalili shi ne dizal ba ya amfani da filogi, matsa iska ake yi sosai har ta yi zafin da za ta kunna man da kanta. Matsin ya kai ninki biyu na injin fetur, don haka dole a yi komai da kauri da nauyi, kuma ba ya iya juyawa da sauri. Injin niƙa a kan siminti yake a ɗaure, nauyi da girgiza ba su dame shi ba. Babur kuwa tsakanin ƙafafunka injin yake, kai za ka tare shi in ya karkata a cikin yashi. Dokokin hayaƙi ne suka ƙarasa Taurus.

Sauran gwaje-gwajen

A Munich, tsakanin 1921 da 1925, an yi babur mai suna Megola wanda injinsa mai silinda biyar ke cikin tayar gaba, yana juyawa tare da ita. Ba kulochi, ba giya. In ka tsaya, injin ya mutu, sai ka tura. Ka yi tunanin hawansa ranar kasuwa.

A farkon shekarun 1980 manyan kamfanonin Japan huɗu duk sun fitar da babura masu turbo, irin su Honda CX500 Turbo da Kawasaki GPz750 Turbo. Turbo na amfani da hayaƙin da ke fita ya cusa wa inji ƙarin iska, amma yakan ɗan yi jinkiri sannan ƙarfin ya zo gaba ɗaya. A mota wannan ba komai ba ne. A babur da ya kwanta a kwana, taya ɗaya ce ke turi, kuma abin da ke taɓa ƙasa bai fi tafin hannu ba, ƙarfin ba-zata na iya kayar da mutum. Cikin 'yan shekaru aka bar su, don ƙara girman injin da aka saba ya fi arha.

A 1992 Honda ta yi NR750 mai fistin ɗin da ba zagayayye ba ne, dogo ne kamar gwangwanin sadin, kowace silinda bawul takwas. Ya yi aiki, amma yin ringin da zai rufe irin wannan siffa ya yi tsada ƙwarai, kimanin guda 300 aka yi. Akwai ma MTT Y2K na Amurka mai injin jirgi mai saukar ungulu, ƙarfin doki sama da 300. Irin wannan inji yana son gudu ɗaya ba canji kamar a sararin sama, a tsaye ma shan mai yake yi, ga hayaƙinsa mai zafin gaske.

Abin da ya haɗa su

In ka lura, babu ɗaya da ya kasa tashi. Abin da suka kasa shi ne cika sharuɗɗan babur duka a lokaci guda. Wuri kaɗan ne, don haka duk abin da ke buƙatar ƙarin lagireto ko famfo ya ci wurin. Nauyi ana jin sa a hannu da ƙafa. Ƙarfi dole ya zo daidai da murɗa hannu, ba gaba ba baya. Zafi kuma kusa da ƙwaurinka yake.

Sai batun kuɗi. Injin fistin ya sha gyara sama da ƙarni guda, an san ƙarfen da ya dace da kowane sashe, masana'antu sun daɗe da mayar da kuɗin injinansu. Honda kaɗai ta cika Super Cub miliyan 100 a 2017, tun daga 1958, kuma shi ne kakan baburan da muke kira roba-roba. Wanda ke yin miliyoyi, ringi da fistin ɗinsa arha za su yi. Sabon tsari sai ya fara daga guda dubu, da tsada, da kurakuran da ba a gano ba tukuna.

Na ƙarshe shi ne wanda ya fi shafar mu: wa zai gyara? Babur ɗinka ya mutu tsakanin Bauranya da Kusada, bakanike a gindin bishiya da sifana 'yan ƙalilan zai kwance shi, ya sa yaro ya sayo ringi ko gasket, kafin la'asar ka tashi. Kayan kuma suna zuwa daga Kano ba yankewa. Ga ɗan acaɓa, kwana uku ba aiki kwana uku ne ba cefane. Ga mai ɗauke da mace mai naƙuda zuwa asibitin Kankiya da dare, abin da yake so shi ne babur ya tashi a bugu ɗaya.

Honda ta fahimci wannan tun 1974, lokacin da injiniyoyinta suka zagaya ƙasashe irin su Tailan da Fakistan suka ga yadda ake loda wa babur iyali da kaya, kuma ba a canza baƙin mai sai ya lalace. Maimakon su ƙara wa inji fasaha, sai suka sauƙaƙa shi, suka fitar da CG125 a 1975 da tsarin bawul mai jure rashin kulawa. Yawancin injinan 125 da 150 na Sin da suka cika kasuwanninmu daga shi aka kwaikwayo su.

Amma ai an taɓa canzawa

Haka ne, kuma a gabanmu aka yi. In ka manyanta kaɗan ka tuna Vespa da Suzuki da tsohon Jincheng AX100 masu ƙara siririya da shuɗin hayaƙi. Injinsu mai mataki biyu ne, ba bawul, kowane juyi yana ba da ƙarfi, gyaransa ma ya fi sauƙi. Amma yana ƙona baƙin mai tare da fetur, kuma wani ɓangare na ɗanyen fetur yana bin hayaƙi ya fita. Da masu mataki huɗu irin Boxer suka yi arha, mahaya suka lissafa abin da lita ɗaya ke kai su, suka koma can da kansu. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, wannan lissafin ya ƙara zafi.

Shi ya sa babur mai lantarki ya fi Wankel damar shigowa. Motarsa abu ɗaya ne ke juyawa a ciki, ba baƙin mai, ba filogi, ba kafireto, kuma ƙarfinsa na zuwa nan take. Tasa matsalar ita ce batir: tsadarsa, da yadda zafi irin na Afrilu a Katsina ke rage masa kwana, da inda za a yi caji a garin da wuta ba ta zama. Ita ma Mazda, wadda ta daina RX-8 mai injin Wankel a 2012, da ta dawo da injin a 2023 janareta ta mai da shi, yana cajin batir a motar MX-30.

Don haka in wani ya kawo maka babur mai sabon tsarin inji, kafin ka tambayi gudunsa ka tambayi abu uku: kilomita nawa yake yi a lita ɗaya ko caji ɗaya, nawa ne kuɗin sashen da ya fi saurin lalacewa, kuma wane bakanike ne a Kankiya ya taɓa buɗe cikinsa.