Yashin Mayo Gwoi da ruwan da ke zuwa ba sallama

Wanda ya tsaya kan gadar Mayo Gwoi a Jalingo cikin watan Maris zai ga yashi shimfiɗe, ɗan ruwa yana rarrafe a gefe, mata na wanki, masu tifa na lodi, samari sun baje tabarma da lemo da tsire. Yara kuwa suna can ƙasa, wani rungume da tub ɗin tsohuwar tayar mota, wani ya ɗaura jarka a ƙirji. Da Fulatanci “mayo” kogi ke nan, amma da rani sai mutum ya rantse filin ƙwallo ne.

Irin wannan kwanciyar ce ke yaudarar mutane. Ruwan kogin Lamurde da na Mayo Gwoi daga kan duwatsu yake gangarowa, ta wajen Yorro. Ana iya tafka ruwa a can alhali cikin gari rana na dukan kai, sai kawai a ga ya iso ja wur, ɗauke da itace da shara. Mazauna bakin rafi sun san alamunsa: ruwa ya fara canja launi, ganye da kumfa su yawaita a kansa, a jiyo wani rugugi daga sama. In an ga haka, ba a tsayawa naɗe tabarma, tudu ake nema. Ruwa mai gudu ko bai kai gwiwa ba yana kwashe ƙafar ƙato. Shi ya sa kwana a kan yashi, daga faɗuwar damina har ƙarshen Oktoba, ganganci ne tsagwaronsa.

Manya a Jalingo ba su manta da Agustan 2005 ba, lokacin da ambaliya ta karya gadar Nukkai, aka rasa rayuka da dama, cikinsu har da waɗanda kallon ruwa kawai ya tsayar da su a kanta.

Shi ma tub ɗin da yara ke ji da shi ba abin dogaro ba ne. Yana da santsi, ba shi da mariƙi, ƙaya ɗaya ta isa ta sace iskarsa, kuma bai san birki ba: inda ruwa ya nufa can yake kai mahayinsa, ko ƙarƙashin gada ko cikin rassan bishiyar da ta faɗi. Ga kuma ramukan da haƙar yashi ke bari. Yaro na tafe ruwa iya ƙugu, taku ɗaya ya zurma. Ramin da babu shi bara yana iya kasancewa bana, don haka “ai na san wurin” ba hujja ba ce. In wani ya nitse, a miƙa masa sanda ko igiya ko a jefa masa jarka mai murfi. Wanda ya yi tsalle ya bi shi ba tare da ya ƙware ba, sau da yawa gawa biyu ake fitarwa.

Akwai kuma cutar da ba ta nuna kanta ranar fita. Tsargiya na shiga ta fata a ruwan da dodon koɗi ke zaune, sai bayan makonni a ga jini a fitsarin yaro. Wasu iyaye har gobe suna ɗaukar hakan alamar balaga, alhali asibiti ya kamata a nufa, maganin kuma yana nan.

Masu zuwa Lau don shan iskar Binuwai su riƙa sauraron rediyo, domin sakin ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru na ɗaga kogin, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022. Kwalekwale kuma a shige shi da rigar ceto, kafin duhu.

Mai son ya kwana a daji a bakin ruwa da gaske, Taraba ta fi kowa abin tinƙaho: gandun Gashaka-Gumti, wanda aka kafa a 1991, shi ne mafi girma a Najeriya, da faɗin sama da murabba’in kilomita 6,000, kuma a cikinsa Chappal Waddi yake, dutse mafi tsawo a ƙasar, mai mita 2,419. Daga Jalingo ana bi ta Bali zuwa Serti, inda hedikwatarsa take, a nan ake karɓar izini da ɗan rakiya, a kuma tambayi halin hanya da tsaro. Disamba zuwa Maris ne lokacin zuwa. Kogin Kam na da dorina, ita kuwa da dare take fitowa kiwo, kuma ba ta yafe wa duk wanda ya tare mata hanyar komawa ruwa. Saboda haka ɗan rakiya ne ke nuna inda za a kafa tanti. A tafi da gidan sauro da riga mai dogon hannu, don ƙudan tsando da ɗan baƙin ƙudan da ke kawo makantar rafi da rana suke cizo.