Ɗaga Nauyi da Gina Jiki a Ƙasar Damargu

Ɗaga nauyi don ƙara ƙarfi horo ne da ake ɗora wa tsoka aikin da ya ɗan fi wanda ta saba, a bar ta ta huta, a ciyar da ita, sannan a sake ɗora mata. A Falanko da sauran garuruwan Damargu, daga Tanut zuwa Belbeji, saurayi ba ya rasa nauyin ɗauka: ga damin hatsi lokacin kaka, ga buhu ranar kasuwa, ga guga a bakin rijiya mai zurfi. Wannan aiki yana ba da juriya da ƙarfin riƙo wanda ɗan birni kan jima bai samu ba. Sai dai aikin gona ba shi da awo. Rana ɗaya ya yi yawa, mako guda babu, kuma kullum gaɓoɓi iri ɗaya yake ci. Shi ya sa manomi mai ƙarfi kan kai wani matsayi ya tsaya, ko ya ƙare da ciwon ƙugu.

Babban abin da ke jan samarin karkarar Nijar zuwa neman ƙarfi shi ne kokowa. Tun 1975, lokacin da aka yi gasar takobi ta farko a Tawa a zamanin mulkin Seyni Kountché, kuma Kantu na Maraɗi ya ɗauka, kokowa ta zama wasan ƙasa. A yau kowace jiha cikin takwas tana aika 'yan kokowa 10, su 80 ke nan suna neman takobi ɗaya.  A wannan gasa ba a raba mutane bisa nauyin jiki, don haka ƙaramin ɗan kokowa yana iya haɗuwa da wanda ya fi shi da kilo 30, kuma abin da zai cece shi bayan dabara shi ne ƙarfin cinya da ƙugu da gadon baya.

A birane kuwa ɗaga ƙarfe ya zama abin yi don kansa. Fim mai suna Zinder da Aïcha Macky ta fitar a 2021 ya nuna samarin unguwar Kara-Kara ta birnin Zinder suna gina jiki da ƙarafan da suka haɗa da hannunsu. Irin wannan kaya ne mafi sauƙin samu a ƙauye: gwangwani biyu a cika da kankare, a soka bututun ƙarfe a tsakani. Matsalarsa ita ce ba a san nauyinsa ba, kuma sau da yawa gefe ɗaya ya fi ɗaya. Lita guda ta kankare tana kai kilo 2.3 zuwa 2.4, saboda haka gwangwani mai lita 5 zai ba da kusan kilo 12. Ya kamata a kai kowane gefe kan sikelin masu awon hatsi kafin a fara amfani da shi, a rubuta nauyin a jiki da fenti. Jarkar ruwa ma ta fi sauƙin lissafi, tunda lita ɗaya kilo ɗaya ce, kuma ana iya ƙarawa ko ragewa da moɗa.

A makonnin farko na horo ƙarfi yana ƙaruwa da sauri alhali damtse bai canza ba. Dalili shi ne ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne suke koyon tattara zaren tsoka su yi aiki tare. Girman tsoka yana biyo baya, bayan wata biyu ko fiye. Nan ne da yawa suke karaya, ko su zabga nauyi fiye da kima don gaggawa. Ƙa'idar ita ce ƙari kaɗan kaɗan: idan mutum ya iya ɗaga nauyi sau 10 a jere, zagaye uku, ba tare da jikinsa ya karkace ba, sai ya ƙara kilo ɗaya ko biyu. Mai neman tsantsar ƙarfi yakan ɗaga mai nauyi sosai sau 3 zuwa 5, ya huta minti biyu zuwa uku tsakanin zagaye. Mai neman cikar tsoka yakan ɗaga matsakaici sau 6 zuwa 12. Sabon shiga ya fi dacewa da na biyun, don hannunsa ya faɗa kafin nauyi ya yi yawa.

Samari sun fi son motsa ƙwanji da ƙirji, domin su ake gani a cikin riga. Amma kaye daga ƙafa yake tasowa. Tsugunno da nauyi a kafaɗa shi ne tushe: diddige a ƙasa, gwiwa tana bin saitin yatsun ƙafa, ƙirji a ɗage. Na biyu shi ne ɗaga nauyi daga ƙasa, wanda shi ne ya fi jawo rauni idan aka yi shi ba daidai ba. Nauyin ya kasance dab da ƙwauri, baya a miƙe ba a gantsare ko a ƙudundune ba, a tura ƙasa da ƙafa maimakon a fizga da ƙugu. Wannan ƙa'ida ita ce dai ta ɗaukar buhun gero, kuma ɗan dako da ya kiyaye ta zai fi daɗewa a sana'arsa. Sai turawa, ko dai tura ƙasa da hannuwa ko ɗaga ƙarfe sama da kai, da jawowa, kamar rataya a reshe mai ƙwari a ja jiki sama. Tafiya da jarka cike a kowane hannu tana ƙarfafa riƙo da tsokar ciki, abin da ɗan kokowa yake bukata idan an sarƙe.

Kafin a taɓa ƙarfe a ɗumama jiki da sassarfa ta minti 5 zuwa 10, musamman da sanyin hunturu. Ana shaƙar iska a ɗaure ciki kafin ɗagawa, a fitar da ita bayan an wuce wurin da ya fi wuya. Mai hawan jini kada ya riƙe numfashi yana yunƙuri, kuma ya nemi shawarar likita tun farko. Duk wanda zai kwanta ya tura ƙarfe daga ƙirjinsa, lalle wani ya tsaya a kansa, domin ƙarfen kankare ba shi da marataya idan hannu ya gaza.

Tsoka ba a filin horo take girma ba, sai lokacin hutu. Gaɓar da aka wahalar tana son kamar awa 48 kafin a koma mata, ga barcin awa 7 zuwa 9. Kwana uku a mako ya wadatar da yawancin mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta ce kowane baligi ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako, maza da mata, har da tsofaffi, waɗanda hakan ke rage musu faɗuwa.

Batun abinci shi ne inda Damargu take da nata hali. Gero yana ba da kuzari, amma furotin ɗinsa, wato sinadarin gina tsoka, bai wuce giram 11 cikin 100 ba. Mai horo sosai yana bukatar kusan giram 1.6 a kowane kilo na jikinsa, wato giram 110 ko kusa da haka a rana ga mai kilo 70. Busasshen wake yana da kusan giram 24 cikin 100, gyaɗa giram 25, ƙuli-ƙuli ya fi haka tunda an matse mai. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, litar madara giram 30 da ɗoriya. Fara da kilishi su ma suna da shi da yawa. Haɗa hatsi da wake, ko fura da nono, yana cike abin da kowannensu ya rasa shi kaɗai, kuma a ƙasar da Fulani da Buzaye suke kawo nono da cuku kasuwa, garin furotin na gwangwani mai tsada da ake tallatawa ba dole ba ne.

Sai dai rumbu ba ya cika duk shekara, kuma ba banza ba kokowa ta zama wasan bayan girbi. Daga kaka zuwa ƙarshen hunturu akwai abinci, akwai sanyi, aikin gona ya lafa: lokacin ƙara nauyi ke nan. A bazara, cikin Afrilu da Mayu, zafi yana wuce digiri 40, sai a mayar da horo asuba ko bayan la'asar, a rage yawansa. Fitsari mai duhu alama ce ta ƙarancin ruwa a jiki. Da damina noma ya riga ya cinye ƙarfin mutum, abinci kuma ya ja baya, don haka horo sau ɗaya a mako da nauyin da aka saba ya isa ya riƙe abin da aka tara. Cikin azumi kuwa an fi samun sauƙi bayan buɗa-baki.

Akwai masu neman gajeriyar hanya ta ƙwaya. Tramol, da ya yaɗu a tsakanin masu aikin ƙarfi, ba ya ƙara tsoka, ɓoye zafi kawai yake yi har mutum ya ɗaga abin da zai yaga masa jijiya bai ji ba, ga kamu da farfaɗiya da yake jawowa. Ƙwayoyin ƙiba irin su dexamethasone suna kumbura fuska da ciki, amma tsoka rama ta suke yi. Allurai da ƙwayoyin sitiroyid na gina tsoka suna taɓa hanta da zuciya, suna rage maniyyi.

Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu bayan horo ba abin damuwa ba ne. Abin da ke bukatar zuwa asibiti shi ne zafi mai suka a gaɓa, ciwon baya da ke sauka ƙafa tare da mutuwar jiki, ciwon ƙirji ko jiri lokacin ɗagawa, fitsari mai launin shayi bayan horo mai tsanani, da kumburi a matsematsi da ke fitowa idan an yi yunƙuri, wanda alamar ƙaba ce. Idan ƙabar ta ƙi komawa, tana zafi, ga amai, aikin tiyata ne na gaggawa a ranar.