2.3 Bambancin Kamantawa da Siffantawa

Kamantawa da siffantawa duk rassa ne na adon harshe, amma sau da yawa ɗalibai kan cakuɗa su wajen nazarin waƙa. Kamantawa ita ce gwada abubuwa biyu mabambanta ta amfani da kalmomi irin su kamar, tamkar, awa ko ya, misali a ce, "Sarki kamar zaki yake." Takan nuna daidaito ko fifiko ko kasawa. Ita kuwa siffantawa, kai tsaye ake ɗora wa abu siffar wani, wato a ce, "Sarki zaki ne." A nan ba a bar wa mai sauraro ƙofar musu ba, shi ya sa makaɗan fada ke yawan amfani da ita wajen koɗa iyayen gidansu.